Zulkiflu Ya Je da Dokin Aro

Idan ka tambayi Malam Zulkiflu ina za shi, ya ce maka Yelwa, to ka neme shi a Dugu. Ba wai maƙaryaci ba ne. Mutum ne mai salla a kan lokaci, kuma duk Tungar Alu, can cikin ƙasar Shanga, babu wanda ya taɓa kai ƙararsa a kan awon shinkafa ko gyaran inji. Shi dai bai ga dalilin da zai sa wani ya san inda ƙafarsa ta nufa ba. Mutanen tungar sun saba da shi, har sun daina jin haushi.

Halin nan gado ne. Mahaifinsa yana cikin waɗanda ruwan madatsar Kainji ya tasa daga tsohon garinsu, kuma har ya koma ga Allah labari ɗaya yake maimaitawa. Wai wasu baƙi masu fara'a suka zo da igiyar awo da 'yan tutoci, suka gaisa da kowa, suka sha furar da aka dama musu, suka ce alheri ne ya kawo su. Ba a jima ba gonaki da kushewun kakanni suka koma ƙarƙashin ruwa. Zulkiflu bai ga wannan da idonsa ba, a sabon mazauni aka haife shi, amma ya ji labarin har ya zauna masa a jini. Ya tashi yana tsoron abu uku: baƙo mai fara'a, igiyar awo, da duk abin da aka ce kyauta ne.

Da damina yana noman shinkafa a fadama, da rani yana gyaran injin ban ruwa. Ko a nan ma, idan ya aiki wani sayen fulogi, sai ya jujjuya shi ya shinshina kafin ya ɗaura. Amma duk wannan wasa ne idan aka zo maganar dokinsa.

Dokin hurde ne, dogo, mai siririn wuya. Ya saye shi yana ɗan ƙarami a wurin wani Bafulatani, ya raɗa masa Tsage, sunan kifin nan mai haƙora da saurin tsiya. Sauran masu dawaki a ƙofar gida suke kafa turke don a gani a yaba. Zulkiflu ya kafa nasa can ƙuryar gida, bayan ɗakinsa, inda ko mai tallan nono ba ta leƙawa. Shi ke yanko masa ciyawa, shi ke jiƙa masa dusa da kanwa, shi ke ɗebo masa ruwa. Kilisa kuwa sai da sanyin asuba, ta ƙofar baya. Matarsa Hansatu, wadda ta haifa masa 'ya'ya har ta aurar da biyu, ba ta da izinin ko shafa gezar dokin. Bakinsa kuwa ba a ma magana, domin duk mahayi a ƙasar nan ya san ta baki maƙiyi ke shiga wa doki, a ɓarin goro ko a guntun rake.

Kuma Tsage doki ne, ba a musu. A sukuwar kaka da mahaya ke yi a fakon Yelwa bayan an kwashe shinkafa, da an saki dawaki shi ke gaba, sauran suna shan ƙurarsa. Sai an kai gindin tsamiya, inda ake karyawa hagu a juyo. Nan Tsage zai ɗaga kai sama, ya girgiza shi kamar ƙuda ya shiga masa kunne, ya kwasa dama, cikin 'yan kallo. Zulkiflu ya ja har jijiyoyin hannunsa su fito, a banza. Idan aka samu ya tsaya, sai a ga kumfar bakinsa ta yi ja.

Zulkiflu bai ɓata lokaci wajen tunani ba. Sammu ne, kuma ya san mai shi. Dudu ne, wani mahayi daga Ngaski, mai yawan dariya da yawan gaisuwa. Hujjarsa kuwa ita ce ranar da Dudu ya fara ganin Tsage, ya buɗe baki ya ce, “Kai, wanga doki!” bai ce tubarkalla ba. Tun daga ranar aka shiga neman tsari. An wanke rubutu an zuba a ruwan sha, an turara hayaƙi, an ɗinka layu a jikin linzami har ya yi kama da kambun ɗan dambe. Kuma tunda sammun ya sa dokin ya daina jin linzami, kowace shekara Zulkiflu kan je wurin maƙeri ya ce a ƙera masa wanda ya fi na bara nauyi da kaifi.

Bara abin ya wuce wasa. Tsage ya kutsa cikin mutane ya ture teburin wata tsohuwa mai suyar kifi, ta faɗi ta karye a hannu. Allah ya tsare, man bai zube wa kowa ba. Dattawan mahaya suka zauna suka ce idan aka sake, Tsage ya bar fako har abada. Kunya da zafin zuciya suka kwashi Zulkiflu, ya rantse a gabansu cewa in dokin ya ƙara, da hannunsa zai miƙa shi ga dillalan nan masu loda dawaki a mota zuwa kudu. Kowa ya san abin da ake yi da dawakin da suka shiga motar nan: yanka su ake yi. Tun kafin ya iso gida ya yi da-na-sani, amma rantsuwa ta riga ta fita, kuma da sunan Allah ya yi ta. Abu ɗaya ya ɗan sanyaya masa rai a ranar: sabon dokin Dudu, wani danda, shi ma ya ɗaga kai a gindin tsamiya ya kauce. Zulkiflu ya ce a ransa, to, abin ya fara komawa kan mai shi.

Ana saura 'yan makonni sukuwar bana sai ga saƙon murya yana yawo a wayoyin mahaya. Wai wani Sadiq, ɗan Yelwa da ya daɗe yana aiki a wani kulob ɗin dawaki a Kaduna, ya zo ganin gida, kuma zai yi wa masu dawaki horo na yini guda a fako. Kowa ya zo da dokinsa. Ba a biyan ko sisi.

Zulkiflu ya saurari saƙon sau da yawa, yana neman inda ƙugiyar take. Bai gama ba sai wayarsa ta yi ƙara. Dudu ne.

“Malam Zulki, ka ji labarin yaron ga na Kaduna? Don Allah ka taho. Ka zo da Tsage hwa.”

“In Allah ya so,” in ji Zulkiflu, ya kashe waya. Ya juya wurin Hansatu, wadda ke tsince shinkafa a faifai, fuskarsa har da ɗan annuri irin na wanda ya kama ɓarawo. “Kin ji ko? Ka zo da Tsage. Sun ɗauko mutum tun daga Kaduna.”

“Malam, kai dai ka kai dokin ga a duba shi,” ta ce ba tare da ta ɗago ba. “In ya sake abin da ya yi bara, ka san abin da ka rantse. Mi za ka rasa in an duba?”

“Mi za ni rasa? Dokin za ni rasa.”

Ya kwana biyu yana saƙawa yana kwancewa. Idan ya ƙi zuwa, za a ce tsoro ya ji, kuma ba zai san abin da aka ƙulla ba. Idan ya je da Tsage, ya kai musu har gida. Daga ƙarshe ya samo dabarar da shi kansa sai da ya yaba wa kansa. Ya je wurin Jabiru, ƙanin Hansatu, ya aro dokinsa. Wani tsohon gunya ne da ke ɗaukar buhunan albasa daga lambu, yara suna kiransa Sannu, don ba a taɓa ganin ya yi gaggawar komai ba in ba cin dusa ba. Ya haɗa da sirdin Jabiru da ɗan tsohon linzaminsa da ya side. Nasa mai layu ya bar shi rataye kusa da Tsage, ya yi gadi. Da Jabiru ya tambaye shi ina za shi, ya ce Dugu.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin Sannu ya kai shi fakon Yelwa. Abin da idonsa ya fara faɗawa a kai ya sa gabansa faɗuwa: wani saurayi a durƙushe da igiyar awo, yana kafa 'yan tutoci ja da fari. Da ya miƙe kuwa sai ga fara'a har kunne. Zulkiflu ya yi a'uziyya a ɓoye. Duka ukun sun haɗu a mutum ɗaya.

An jera gororin kara a kan durom-durom, an kifar da wani tsohon kwalekwale a tsakiyar fili, sannan layin tutocin ya gangara har cikin wani ɗan lungu da ruwan tafki ya shigo, iya gwiwar doki. Mahaya sun taru daga Yelwa da Birnin Yauri, wasu tun daga Wara. Sadiq ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa, yana miƙa musu hular kwano da aka aro a wurin 'yan kabu-kabu. Zulkiflu ya karɓi tasa, ya leƙa cikinta, ya rataye a ƙwacciyar sirdi. An zagayo da zoɓo mai sanyi, ya ce yana fama da haƙori.

Dudu ya iso da dariyarsa, yana jan dandansa. Ya dubi Sannu tun daga kunne har kofato.

“A'a, Malam Zulki, ina Tsage?”

“Shina hutawa.”

“Wanga hwa?”

“Wanga ma doki na.”

Babu wanda ya tona, domin a gaskiya ba Zulkiflu kaɗai ya yi wannan wayon ba. Da ya waiga sai ya ga aƙalla mutum biyu da ya san dawakinsu sarai, su ma a kan na aro suke, kowa yana kallon gefe.

Sadiq ya tsaya a tsakiya ya yi bayani. Hausarsa ta koma ta Kaduna, wannan ma Zulkiflu ya ajiye shi a ransa. Ya ce wasan da yake koyarwa kashi uku ne. Da farko doki ya yi tafiya a natse, ya juya inda aka ce, ya tsaya inda aka ce. Sannan ya tsallake shinge. Sannan ya yi gudu a fili, ya haye kututture, ya ratsa ruwa. Ya ce ba ya zo ya hana kowa sukuwa ba ne, amma dokin da ya iya na farkon, sukuwa ma za ta yi masa sauƙi.

“Kafin kowa ya hau,” in ji shi, “zan duba bayan kowane doki da bakinsa.”

To, ga ta nan. Zulkiflu ya ji wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Da ya biye wa Hansatu, da yanzu hannun baƙo yana cikin bakin Tsage. Ya zura ido yana kallon yatsun Sadiq, ko zai ga ɗan ƙulli ko gari. Bai ga komai ba, sai ya ce a ransa lallai yaron gwani ne. Da aka zo kansa, ya miƙa Sannu da hannu biyu, kamar mai ba da sadaka.

Sadiq ya shafa bayan tsohon dokin, ya buɗe bakinsa, ya leƙa sosai. “Baba, dokin nan ya kwana biyu a duniya, amma bakinsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Hannunka mai taushi ne. Haka ake so.”

Wasu suka yi tari, wasu suka sunkuyar da kai. Zulkiflu ya karɓe yabon da ya kamata a yi wa Jabiru.

Aka hau aka shiga zagaye. Ba a yi nisa ba Sadiq ya fara kallonsa da mamaki.

“Baba, sassauta hannun hagu. Ka ja shi kamar mai tayar da inji. Ɗan taɓawa kaɗan ya isa.”

Zulkiflu ya yi kamar bai ji ba. Shi da ya fara hawa tun wannan yaron bai san hanyar makaranta ba! Ya gane manufar: so ake a lalata masa hannu kafin sukuwa. Sadiq ya sake faɗa, ya kuma sake, har ya gaji ya koma kan wasu. Sannu kuwa, da bai saba da irin wannan ja ba, ya fara karkaɗa kai yana waiwayen mahayinsa.

Wajen tsallake gora, dawakin samari suka yi ta kuskure ana shewa, wasu suka haye aka tafa. Sannu ya je gaban gorar, ya tsaya ya yi nazari, ya ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya ya taka ya wuce. Kwalekwalen kuwa zagaye shi ya yi. Da aka gangara ruwa ya shiga ba gardama, ya kai tsakiya, ya dasa baki ya hau sha. Zulkiflu ya dungure shi da dugadugai, ya yi tsaki, ya yi magiya, tsohon bai ɗago ba sai da ya ƙoshi. Fako ya kaure da dariya, har masunta da ke gyaran koma a bakin ruwa suka taya. Abin ya yi masa ciwo, amma ya daure. A ganinsa gara a yi masa dariya a kan dokin aro da a yi masa jaje a kan nasa.

Bayan an yi azahar a gindin tsamiya, Sadiq ya ce duk mai dokin da ke da wata matsala ta musamman ya fito. Babu wanda ya fito. Wane mahayi ne zai faɗi aibin dokinsa a gaban abokan karawa, ana saura makonni sukuwa? Sai Dudu ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Da safe, lokacin duba baki, ya zame ya ce zai kai dandansa shan ruwa, kuma Zulkiflu ya lura da haka. Yanzu ga shi ya jawo dokin tsakiyar fili.

“Ni dai na gaji,” ya ce. “Kowa ya gani bara, ba abin ɓoyo ba na. In munka kai kwana, na ja hagu, sai shi ɗaga kai shi tahi dama. Na yi magani har na gaji.”

Sadiq ya ce ya hau ya nuna. Dudu ya saki danda, ya nufo tsamiya, ya ja hagu. Dokin ya watsa kai sama, ya girgiza, ya kwasa dama, mutane suka dare. Ko a mafarki Zulkiflu ya san wannan ɗaga kan, a hannunsa yake jin sa.

Da aka tsayar da dokin, Sadiq ya zare linzamin, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya sa Dudu ya riƙe ragama, ya zura yatsa ta gefen baki, ya kamo harshen ya kawar da shi gefe.

“Ku zo ku gani. Kowa ya zo.”

Zulkiflu ne na ƙarshe, kuma da hannayensa a baya ya je. Can ciki, a ɓangaren hagu, a dasashin nan da babu haƙori inda ƙarfe ke kwanciya, akwai wani miki ja, gefensa ya yi fari ya kumbura.

“Kullum kana sa masa linzami, amma haƙoran gaba kawai kake gani,” in ji Sadiq. “Nan ciki sai an kawar da harshe. In ka ja hagu, ƙarfen nan a kan ciwon yake sauka. Shi kuma ya gudu daga zafin, ya yi dama. Kai kuma ka ƙara ja. In ya ƙi, sai ka je ka sayo wanda ya fi wannan nauyi. Ko ba haka aka yi ba?”

Dudu ya ce haka aka yi.

Sadiq ya ɗaura igiya biyu a ragama, ba ƙarfe ko kaɗan, ya haye. Ya yi ta zagayawa a hankali, yana magana da dokin ƙasa-ƙasa. Da farko danda yana ɗaga kai tun kafin a taɓa shi, don ya saba jiran zafin. Can sai ya sauke wuya. Suka nufi tsamiya da sassarfa, Sadiq ya ɗan taɓa igiyar hagu ya matsa da ƙafa, dokin ya karya hagu salin-alin. Wani dattijo ya yi salati da ƙarfi. Sadiq ya sauko ya ce a hutar da bakin, a riƙa wanke shi da ruwan gishiri, in ya warke a koma wa linzami mai laushi, ya ciro irinsa daga jaka ya nuna.

Dudu ya tsaya yana kallon dokinsa, dariyar nan tasa ta ɗauke. Sai ya juyo ya kama hannun Zulkiflu a gaban kowa.

“Malam Zulki, don Allah ka yahe mini. Wallahi kai ni ka zargi. Na ce kai ka yi mai sammu, don haushin abin da ka samun Tsage. Kiran da na yi maka ma, so nike in ga idonka in an taɓa dokin.”

Shekara da shekaru Zulkiflu yana kwana yana tashi da mutumin nan a ransa, ashe shi ma can Ngaski da shi ake kwana. Ya ce, “Ba komi,” muryarsa kamar ta wani.

Duk da haka bai sallama nan take ba, hali ba ya fita a yini ɗaya. Ya koma gefe yana lissafi: ko dai haɗa baki suka yi, suka yanki bakin dokin da kansu don a ja shi ya kawo Tsage? Amma ya ga mikin da idonsa, kuma wanda ya yi kiwo ya san sabon yanka ya san tsohon ciwo. Wannan ya daɗe. Ya tuna jar kumfa. Ya tuna maƙeri yana tambayarsa, anya wannan bai yi nauyi ba?

Da taro ya fara watsewa, ya lallaɓa wurin Sadiq, wanda ke naɗe igiyar awonsa.

“Samari, wani abokina na da doki. Shi ma haka shika yi. Ya daɗe.”

“Ya kai shekara nawa?”

“Ya dai daɗe.”

Sadiq ya dube shi, ya dubi Sannu da ke gyangyaɗi a tsaye, ya sake dubansa. Bai yi dariya ba, kuma Zulkiflu yana gode masa a kan haka har yau.

“Baba, sai na gani. In ya daɗe sosai, wani lokaci ciwon yakan kai ƙashi, wannan kuwa ba aikin ruwan gishiri ba ne, sai likitan dabbobi. Ina gidan Innata a bayan kasuwa har gobe da azahar, daga nan zan koma. Ka ce wa abokin naka ya kawo shi. Amma kada ya sa masa ƙarfe a baki, ya jawo shi da ragama.”

Hanyar gida ba ta taɓa yi masa tsawo irin na ranar ba. Yana so ya yi sukuwa, ga shi a kan Sannu. Ya ɗaga hannu zai fizgi linzami, sai ya tsaya yana kallon hannun, ya mayar da shi a hankali. Haka suka yi ta tafiya, shi da tsohon doki, gonakin shinkafa suna wucewa kaɗan-kaɗan.

Rana ta yi ja ya isa. Bai ko kwance sirdi ba ya wuce ƙuryar gida. Tsage ya ji takunsa ya yi haniniya, ya miƙo kai yana shinshinar aljihunsa kamar kullum. Zulkiflu ya gwada buɗe bakin shi kaɗai, abin ya ƙi, hannu biyu ba su isa ba. Sannan ya ɗaga murya.

“Hansatu! Zo ki riƙa mini.”

Ta fito da ludayi a hannu, tana zaton ba ta ji daidai ba. “In riƙa mi?”

“Ragama.”

Ta ajiye ludayin, ta goge hannu a zane, ta kama. Ya zura yatsa yadda ya ga an yi, ya kamo harshen ya kawar. Wari ne ya fara bugunsa. Na dokin Dudu miki ne, wannan rami ne, baƙi, gefensa ya yi tauri, tsohon tabo a kan tsohon tabo. Ya ɗan taɓa kusa da wurin, dokin ya yi wata irin zabura, jikinsa duka yana rawa, amma bai cije shi ba. Da ya sake shi ma, sai ya dawo ya ɗora kai a kafaɗarsa.

“Innalillahi,” in ji Hansatu. “Malam, wa ya yi mai haka?”

Ta tsaya tana jiran suna. Tun da ta shigo gidan nan ba ta taɓa yin irin wannan tambaya ta rasa suna ba. In akuya ta ɓata akwai suna, in inji ya ƙi tashi akwai suna. Zulkiflu ya duba ko'ina a ransa. Ya gina katanga, ya hana mata, ya hana 'ya'ya, ya hana maƙwabta, bai bar ƙofa ko ɗaya da wani zai shigo ta ciki ba. Linzamin yana nan rataye a inda ya bar shi, layu sun rufe shi, yana gadi.

“Ba wanda ya taɓa taɓa shi,” ya ce. “Ni ɗai na.”

Ya zauna a kan turmin dusa, ya rufe fuska da hannun riga. Hansatu ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake ta faɗa. Ta ci gaba da riƙe ragamar, ɗaya hannun kuma, a karon farko, tana shafa gezar dokin. Sai da aka kira magariba ya ɗago ya ce bana Tsage ba zai yi gudu ba, ko da za a ce tsoro ya ji. Rantsuwarsa a kan in ya ƙara kaucewa ce, kuma ba zai kai shi inda zai kauce ba.

Washegari da sassafe aka ga abin da ba a taɓa gani ba a Tungar Alu. An buɗe ƙofar gaba, Malam Zulkiflu ya fito a ƙasa, yana jan Tsage da ragama, ba sirdi ba linzami, kowa yana kallo. Jabiru, da ya zo karɓar dokinsa, ya tsaya baki buɗe.

“Yaya, ina za ka da shi haka?”

“Yelwa,” in ji Zulkiflu. “Bayan kasuwa. Za ni kai a duba mai baki.”

Jabiru ya bi shi da kallo har ya kai bakin gari, yana jira ya ga ya karkata hanyar Dugu. Bai karkata ba.